Lafiya Uwar Jiki: Darasin Ƙauyen Aro

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma da zarar an ce wane ya sami taɓin hankali, sai zumunci ya yi sanyi. Abokai su janye, maƙwabta su riƙa nuna gidan da baki, dangi kuwa su nemi ɗakin da za a kulle shi, ko gidan da za a sa masa mari, domin a rufe abin kunya. Ta haka ake raba majinyaci da jama'a a daidai lokacin da ya fi bukatarsu. Abin da ya faru a Aro, kusa da Abeokuta, ya isa ya nuna cewa wannan hanya kuskure ce.

A shekarar 1954 ne Dokta Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta, ya komo gida bayan ya yi karatun likita a Ingila ya ƙware a kan ciwon hankali. Kafin zuwansa, abin da gwamnatin mulkin mallaka ta tanada shi ne gidajen tsare mahaukata irin na Yaba a Ikko da na Kalaba, waɗanda suka fi kama da kurkuku fiye da asibiti. Aka danƙa masa asibitin Aro, alhali ginin bai kammala ba. Maimakon ya zauna jiran gadaje, sai ya tafi wurin dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su karɓi majinyata haya a cikin gidajensu.

Sharaɗin da ya kafa shi ne ginshiƙin shirin duka: ba a karɓar majinyaci shi kaɗai. Lalle ne ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, ta raka shi asibiti da safe a ba shi magani, sa'an nan su komo ƙauye tare. Da yamma yana cikin mutane, yana jin hira, yana zuwa kasuwa, wanda ya sami ƙarfi kuma ya taɓa aiki. Ma'aikatan jinya suna nan kusa dare da rana saboda ko-ta-kwana. Su kuwa mutanen ƙauyen ba a bar su hannu rabbana ba: suna karɓar kuɗin haya, an ba su rance sun ƙara ɗakuna, an kawo musu ruwan famfo. Lambo ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya suka yi aiki tare da shi, domin ya san su ne jama'a ke fara kai wa kuka.

Hikimar shirin ba ta da wuyar ganewa. Mutumin da aka kulle shekara da shekaru yakan manta da yadda ake gaisuwa da ciniki da neman abinci, har ya zama ko ciwon ya lafa ba shi da wurin komawa. Wanda ya yi jinya a cikin jama'a kuwa, igiyar da ta ɗaure shi da rayuwa ba ta tsinke ba. Ita kuma 'yar rakiyar ta ga da idonta yadda ake shan magani, ta koyi alamomin da ke nuna ciwon zai tashi, ta koma gida da ilmin da za ta kula da shi. Har ila yau, ƙauyawan da suka zauna gida ɗaya da majinyata sun gane cewa galibinsu ba abin tsoro ba ne. Sunan Aro ya zaga duniya saboda wannan, shi kuma Lambo ya zama shugaban Jami'ar Ibadan, daga baya ya riƙe muƙamin Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya har zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

Kada a ɗauka cewa zumunci kaɗai ya isa. A Aro ba a taɓa ajiye magani ba. Haɗa shi aka yi da kulawar dangi. Ciwon hankali ciwo ne kamar sauran cututtuka, kuma akwai asibitocinsa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Sai dai ƙwararrun likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kacal a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200. Saboda haka, ko an ƙi ko an so, mafi yawan jinya a gida za a yi ta.

Abin takaici shi ne mari bai gushe ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma akasari danginsu ne suka kai su da sunan gyaran hali. A farkon 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar da haƙƙin majinyaci. Amma doka ba ta shiga ɗaki ta zauna da mutum.

Wannan aiki na dangi ne da mai unguwa da liman da abokan sana'a. Jama'ar da ta san gayya a gona da gudummawa a wurin biki ba ta rasa yadda za ta yi. Wani ya biya kuɗin mota zuwa asibiti, wani ya tuna masa da ƙwayar dare, wani ya riƙe masa gurbinsa a kasuwa, wani kuma ya karɓi uwar da ta gaji ta sami barci. Idan an ga mutum ya daina fitowa majalisa, ya daina ci, ya daina barci, to, a tafi a ƙwanƙwasa masa ƙofa tun kafin abin ya yi nisa. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kuma ba masu jinya haƙuri.