Galamse: kafin a haƙa rami, a fara karanta dutse

Zinaren Ghana ba a ko'ina yake ba. Mafi yawansa yana bin wasu duwatsu da masana ke kira Birimiyan, sunan da suka samo daga kogin Birim. Aman wuta da laka ne suka taru hawa-hawa, sama da shekaru biliyan 2 da suka wuce. Daga baya dutsen ya tsage, ruwan zafi ya bi tsagar ya ajiye zinare. Obuasi, Prestea da Bibiani duk a kan irin wannan tsaga suke.

Manyan kamfanoni sun san haka, shi ya sa sai sun huda ƙasa sun duba dutsen kafin su zuba kuɗi. Ɗan galamse kuwa da jita-jita yake haƙa. In bai samu ba, sai ya bar ramin a buɗe ya ƙara gaba. Gonar koko ta tafi, kogin Pra da Ankobra sun zama kamar kunu.

An tura sojoji, an ƙona injuna, abin bai tsaya ba. Alhali Ghana na da hukumar binciken ƙasa tun 1913. A ba ta kuɗi mana, ta nuna wa ƙananan masu haƙa inda zinaren yake, lasisi kuma ya bi taswirarta.