Teku na ƙara tsami, kifin miyarmu na cikin haɗari

Duk lokacin da kifi ya yi tsada a kasuwar Nima ko Mamobi, saiko da manyan jiragen kamun kifi muke ɗora wa laifi. Suna da laifi kam. Amma akwai wata matsalar da ido ba ya gani, ita nake so mu duba yau.

Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ake fitarwa daga ƙona fetur, gas da kwal. Idan iskar ta narke a ruwa sai ta zama tsami. Kafin zamanin masana'antu ma'aunin pH na teku 8.2 ne, yanzu ya sauko 8.1. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ku, ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin ɗari.

To ina ruwanmu? Kawa, ƙaguwa da ƙananan halittun da kifi ke ci, da sinadarin kabonet suke gina ɓawonsu, irin na ɓawon ƙwai. Ruwan teku bai kai tsamin lemo ba, amma yana rage musu wannan sinadarin, sai ɓawon ya yi rauni, 'ya'yansu su mutu tun suna ƙanana. An ga haka a Amurka wajen 2007, lokacin da 'ya'yan kawa suka riƙa mutuwa a wuraren kiwonsu a jihar Oregon. Ruwan ƙarƙashin teku mai tsami ne ya taso sama. Mu ma a gaɓar Ghana ruwan ƙasa na tasowa duk shekara daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da kifin amane ke yawa.

Matan da ke tsintar kawa a bakin kogin Densu sukan dakatar da aiki na watanni don kawar ta hayayyafa. Abin yabo ne, amma hutu ba ya rage tsamin ruwa.

Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya. A ganina, gwamnati ta ba jami'o'inmu kuɗin auna tsamin ruwanmu a kai a kai. Da wannan hujjar za mu nemi rabonmu a asusun diyya da aka amince da shi a taron COP27 na Masar a 2022. Wanda bai auna ɓarnar da aka yi masa ba, wallahi ba mai biyansa.