Boko Bai Ce Ka Ji Kunyar Danginka Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina da ƙara, kuma da kaina zan fara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, aka ce mini ina da baƙi a bakin ɗakunan kwananmu. Ko da na fito sai ga Kawu da Gwaggo da ƙanena, sun sha ƙurar hanya. Gwaggo za ta ga likitan ido ran Litinin, shi ne suka yi sammako domin su kwana biyu kusa da ni. Sun riƙo mini daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli da man shanu a kwalba. Maimakon in durƙusa in gaishe su, wallahi abin da na fara yi shi ne waige-waige, in ga wa ke kallona. Na yi maza na janye su bayan gini. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, in mun takura maka, sai mu koma tasha mu kwana." Har yau maganar nan ba ta bar ni na yi barci mai daɗi ba.

Kada wani ya ce halina ne ni kaɗai. Na san wanda mahaifinsa ya zo, ya nuna shi ga abokai ya ce wai "wani mutumin garinmu ne." Ran Asabar na kai Kawu ya ga ɗakin karatu, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa don girmama littattafai, sai wasu samari suka ƙyalƙyale da dariya. To, tsakanin wanda ya tuɓe takalmi don ilimi da wanda ya yi masa dariya, wa ya san darajar ilimi?

Bari mu tambayi kanmu, da kuɗin wa aka gina wuraren nan da muke taƙama da su? Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar talaka da audugarsa su ne suka riƙe Arewa. Hukumar cinikin amfanin gona tana sayen gyaɗa a hannun manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar kuwa ta shiga ayyukan gwamnati. A cikin wannan zamani ne Sardauna ya buɗe jami'ar farko ta Arewa a Zariya a 1962. Kawu ya tashi ya tarar da mahaifinsa yana biyan haraji da jangali, ba a soke su a Kano da Kaduna ba sai 1979, zamanin Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Da aka kawo ilimin firamare kyauta a 1976, shi yana gona ya riga ya wuce shiga aji. Sun biya, ba su shiga ba. Mu muka shiga, sa'an nan muna jin kunyar a gan mu da su. Ashe wannan ba butulci ba ne?

Abin ya fi muni a kanmu, mu 'yan ƙungiyar Hausa. In lokacin rubuta kundi ya zo, wurin wa muke zuwa? Mu tafi ƙauye mu zauna gaban tsohuwa, ta ba mu tatsuniya da karin magana da waƙar daka, mu naɗa, mu dawo mu sami digiri. A takarda sunanta "taskar al'adu", amma in ta zo ƙofar ɗakinmu da ƙullin daddawa ta zama 'yar ƙauye. A daren Asabar Gwaggo ta yi mini bayanin yadda ake daddawa, tun daga dafa kalwa da wanke ta har rufe ta kwanaki ta ruɓa a daka, bayani a tsare wanda ban taɓa jin irinsa a aji ba. Su ma malamanmu ban ware su ba. Akwai wanda yake koyar da zumunci da safe, da yamma ya sauke yayansa a ɗakin yara na bayan gida, yana juya harshe zuwa Turanci shi da matarsa don kada baƙo ya ji.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce baƙin nan ba sa sanarwa, ɗaki a cushe yake, aljihu ba nauyi, ga jarrabawa a gaba. Duk gaskiya ne, ni ma sai da na ci bashi kafin na sama musu masauki a cikin gari. Amma rashin hali daban, jin kunya daban. Gaisuwa ba ta cin ko kwabo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma su ba su zo neman katifa ba. Wanda ya sayar da akuya ya biya maka kuɗin rajista ya san ba ka da shi. Abin da bai zata ba shi ne ka ɓoye shi.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu da ta ware rana guda a shekara ta gayyaci iyaye, a ba su mazaunin gaba, su yi magana mu saurara. Kafin nan kuwa, duk wanda nasa suka zo, ya durƙusa ya gaishe su a gaban kowa, ya faɗi matsayinsu da bakinsa.

Ran Lahadi na zaga da su ko'ina, ina riƙe da hannun Gwaggo, duk wanda muka haɗu da shi in ce, "Ga Kawuna, ga Gwaggona." Kawu bai ce kome ba sai da za mu rabu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane, amin.