Hawayen da muke zubar wa yaran littafi

A Mafaza da sauran garuruwan jihar Gadarif ta Sudan ba sai an yi wa kowa bayanin 'yan jango ba. Su ne ma'aikatan da ke cika gonaki lokacin yankan riɗi da dawa, su watse in kaka ta wuce. A kansu Abdul'aziz Baraka Sakin, haifaffen Kasala, ya rubuta Al-Jango Masamir al-Ard, littafin da ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009, kuma hukuma ta hana sayar da shi. A cikinsa akwai Wad Amuna, yaron da ya tashi a gidan yari tare da mahaifiyarsa, inda wani babba ya nemi ya lalata shi. Duk mai imani in ya kai nan sai zuciyarsa ta karye.

Wasu na cewa irin wannan rubutu tonon silili ne. Ban yarda ba. Littafi yana ba yaro abin da gida kan hana shi, wato damar a saurare shi har ya gama magana. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Kano cikin Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Hawayen mai karatu shaida ne cewa zuciyarsa da rai.

Sai dai hawayen nan ba sa cin mana komai. Azzalumin littafi ba kawunmu ba ne, ba malamin 'ya'yanmu ba ne, ba mai gonar da muke ci a ƙarƙashinsa ba ne. Ranar da abin ya faru a unguwarmu, magana kan canza: "A rufa asiri", "A bar wa Allah", "Wa zai aure ta in an ji?" Dattawa su zauna su yi sulhu, a tsawatar wa yaro ya yi shiru, mai laifi ya ci gaba da shiga sahun gaba a masallaci. Asirin wa aka rufa?

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, ga kuma sansanin Tunaidba na 'yan Habasha a yankinmu. Yara da yawa na kwana nesa da idon iyaye. A Maris 2025, UNICEF ta ce an rubuta rahoton fyaɗe ga yara 221 a Sudan tun farkon 2024, 16 daga cikinsu ba su kai shekara biyar ba. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya fito.

Dokar Yara ta 2010 ta tanadi hukunci mai tsanani kan fyaɗe, kuma 'yan sanda suna da sashen kare iyali da yara. Amma doka ba ta shiga gida sai an buɗe mata ƙofa. In yaro ya faɗa maka, ka gaskata shi, kada ka tuhume shi. Ka kai shi asibiti kafin awa 72 su cika, domin cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki. Sannan ka kai ƙara, ko da mai laifin jininka ne.

Kunyar ta wanda ya aikata ce. Mu sauke ta daga kan yaro, mu ɗora wa mai ita.