Kafin ka goge kwamfutar kwaikwayonka, ka tambaye ta me ke damunta

A zangon da ya wuce, saura kwana biyu mu miƙa aikin firaktikal, wani abokin ɗakina ya goge aikin sati uku da hannunsa. Linux ɗin da ya ɗora a cikin QEMU, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin laftof ɗinsa, ya daskare. Ya danna nan, ya danna can, shiru. Sai ya yi abin da yawancinmu muke yi: ya goge fayil ɗin, ya sake ɗorawa daga farko. Wallahi har yau idan aka tuna masa sai ya ɓata rai.

Bayan sati biyu tawa ta yi irin wannan daskarewar. Ni kuma wani ɗan HND ya taɓa nuna min cewa QEMU tana da wata ƙofar baya da ake kira monita. Na danna Ctrl+Alt+2, na rubuta info status, sai ta amsa da paused (io-error). Ashe faifan laftof ɗina ne ya cika da finafinai, ita kuma QEMU idan wuri ya ƙare tana tsayar da injin ne don kada bayanai su lalace. Na share finafinan, na rubuta cont, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ina kyautata zaton irin ciwon da ya kama ta abokina ke nan.

Shi ya sa nake ganin sashenmu na kimiyyar kwamfuta yana barin wani giɓi babba. Ana koya mana yadda ake ɗora manhaja, ba a koya mana yadda ake yi wa inji tambaya idan ya ƙi aiki. Alhali kayan tambayar suna nan kyauta: info registers tana nuna halin da ƙwaƙwalwar injin take ciki a daidai lokacin, info mem da info tlb suna nuna tsarin ma'adana. Masu amfani da VirtualBox ma suna da VBoxManage debugvm.

Zan ƙara da wadda ta fi wannan. Ya kamata a bar ɗalibi ya rubuta irin wannan umarnin da kansa a matsayin furojet, maimakon tsarin rajistar ɗalibai da ake ta maimaitawa duk shekara, ana canza launi da sunan makaranta kawai.

QEMU, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, a buɗe take, kowa na iya karanta lambobinta. Monitarta tana da harshe biyu. HMP na ɗan Adam ne, shi ne wanda na yi amfani da shi. QMP kuma na manhajoji ne, da JSON ake magana da shi, kuma sai ka fara aika qmp_capabilities kafin ya saurare ka, kamar dai sallama kafin shiga gida. Sabon umarni a QMP ake fara rubuta shi. Za ka bayyana sunansa da abin da zai dawo da shi a fayilolin QAPI, ka rubuta aikinsa da C, sannan ka haɗa shi da HMP don mutum ya iya kiransa da hannu.

Abin da ya fi burge ni shi ne sassaucin da aka yi wa umarnin bin diddigin matsala. Umarni na yau da kullum dole a tsara amsarsa dalla-dalla, domin wasu manhajoji za su dogara da ita shekara da shekaru. Na bin diddigi kuwa an yarda ya dawo da rubutu zalla wanda mutum zai karanta, a sa masa x- a farkon suna, alamar cewa ana iya canza shi gobe. Misali shi ne x-query-roms, wanda ya shigo a QEMU 6.2 a ƙarshen 2021. Ga ɗan koyo, wannan ƙaramar ƙofa ce mai sauƙin shiga.

Na san abin da za a ce: C da wuya, data da tsada, wuta ba tabbas, laftof ɗin wasunmu kuma ya tsufa. Duk gaskiya ne. To amma sau ɗaya ake sauke lambobin, a raba a filasha, kuma haɗawar farko ce kawai take cin lokaci, musamman idan ka zaɓi nau'in inji ɗaya. Batun wahalar C kuwa, haba jama'a, mun ci jarrabawarta a takarda, yaushe za mu taɓa ta a cikin aiki na gaske?

Roƙona ga ƙungiyar ɗaliban sashenmu: a ware Asabar ɗaya a zangon nan, a buɗe lab, kowa ya zo da laftof. A daskarar da inji da gangan, a ga wanda zai fara gano dalili ta monita. Ni zan kawo filashar.