Giyar da Ba Ta Ƙonewa a Tukunyar Cili

Akwai wata jimla da marubuta girke-girke na Amurka suka gada daga juna, suna maimaita ta ba tare da wani ya tsaya ya auna ta ba. Idan sun zo bayanin yadda ake dafa cili, wato miyar naman shanu da busasshen barkono mai kauri da jihar Teksas ta yi suna da ita, sai su ce a buɗe kwalbar giya a juye a tukunya, sannan su kwantar wa mai karatu da hankali cewa barasar za ta bi tururi ta tafi, ɗanɗano kaɗai zai rage. Maganar ba gaskiya ba ce, kuma an fi shekara 30 da sanin haka.

A 1992 wasu masana abinci a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Jorg Augustin na Jami'ar Idaho, suka dafa abinci iri-iri da barasa, suka auna abin da ya saura. Alƙaluman da Ma'aikatar Noma ta ƙasar take wallafawa a kan batun ba su bar wata kafar gardama ba. Idan aka zuba barasa a cikin ruwa mai tafasa aka sauke nan take, kashi 85 cikin ɗari na nan. Bayan minti 15 a kan wuta, kashi 40. Bayan rabin awa, 35. Bayan awa guda, kashi 25. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko zuwa kashi 5. Babu inda jadawalin ya kai sifiri.

Tushen kuskuren wani ɗan ilimi ne da aka ɗauko daga ajin kimiyya aka bar rabinsa a hanya. Gaskiya ne barasa zalla tana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100. Daga nan mutane suka zaci cewa da tukunya ta ɗau zafi barasa za ta riga ruwa fita, ta bar shi shi kaɗai. Amma barasar da ta gauraya da ruwa ba baƙuwa ba ce mai jiran a buɗe ƙofa. Tare suke tashi a cikin tururi, barasar ta fi yawa da farko, sannan kullum tana raguwa fitarta na ƙara wuya. Faɗin tukunya yana da tasiri, murfi ma haka. Wanda ya zuba kayansa a tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, ya rufe ya tafi ofis, ya zaɓi hanyar da kan riƙe barasa, domin tururin yana taruwa a murfi ne ya koma ciki.

Adalci ya wajabta a faɗi girman abin yadda yake. Kwalbar giya mai cin mililita 355, mai ƙarfin kashi 5, tana ɗauke da kimanin giram 14 na barasa. Bayan awa guda a wuta saura giram uku da rabi a tukunyar da mutum shida za su ci. Wannan ba ya sa kowa maye. To amma ba a kan maye ake jayayya ba. Musulmin da abokan aikinsa suka gayyata gasar dafa cili a ofis a Houston ko Minneapolis, da mutumin da ya shafe shekaru yana yaƙi da jarabar shaye-shaye har ƙanshin giya kaɗai ke tayar masa da hankali, da mai juna biyu da ta yanke wa kanta shawarar ƙaurace wa barasa baki ɗaya, kowannensu yana da dalilinsa, kuma hukuncin nasa ne. Wani cikinsu zai iya jin alƙaluman ya ci abinsa, wani ya ture kwanon. Mai girkin da ya ce musu "ai ta ƙone" ya ƙwace musu wannan zaɓi, ya kuma yi haka da bayanin ƙarya, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa.

Da a ce giyar ita ce ƙashin bayan cili, da sai a ce an shiga tsaka mai wuya. Tarihin abincin bai nuna haka ba. A ƙarshen ƙarni na 19, a dandalolin San Antonio, matan da aka yi wa laƙabi da sarauniyoyin cili, galibinsu 'yan asalin Meziko, su ne suke kafa tebura da daddare suna sayar wa sojoji da makiyaya da matafiya, har hukumar lafiya ta birnin ta tashe su a 1937. Abin da ya fito da sunan girkinsu shi ne nama da kitse da busasshen barkono da tafarnuwa da kumin. William Gebhardt, Bajamushen da ya fara sayar da garin barkonon cili a shekarun 1890, a bayan wata mashaya yake da wurin cin abincinsa a New Braunfels, saboda haka ba wanda zai ce cili da giya ba su san juna ba. Maƙwabta ne tun asali, ɗaya a kwano, ɗaya a kofi. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa, kuma shagunan cili ba su rufe ba. A shekarun karayar tattalin arziki ma kwanonsa mai araha ya ciyar da talakawa da yawa. Girkin gidan Shugaba Lyndon Johnson, wanda matarsa Lady Bird ta riƙa aika wa masu tambaya a kan kati, da tumatir da ruwan zafi ake yin sa. Lokacin da majalisar Teksas ta ayyana cili a matsayin abincin jiha a 1977, nama da barkono ta karrama.

Abin ban dariya shi ne mutanen Teksas sun san yadda ake faɗa a kan abin da ya halatta a tukunya. Tun gasar farko da aka yi a Terlingua a 1967, inda Wick Fowler da H. Allen Smith suka tashi babu wanda ya yi nasara, ake ta cacar baki a kan wake, har dokar gasa ta hana shi. Wake, mai ƙosar da iyali da kuɗi kaɗan, an kore shi da sunan kare asali. Giya kuwa ta shige ba wanda ya tambaye ta takarda.

Masu kare ta suna da hujja guda mai kama da kimiyya: barasa tana narkar da sinadaran ƙanshi da ruwa ba ya iya narkarwa, ciki har da mai sa barkono yaji. Haka ne, idan barasar tana da ƙarfi. Giram 14 a tukunya mai cin lita biyu da rabi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba tun kafin a hura wuta. Kitsen naman yana yin wannan aiki fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa gwanaye suke soya kayan yaji a cikin mai kafin ruwa ya shiga. Abin da giya take bayarwa da gaske shi ne ɗan zaƙin hatsin da aka tsiro, da ɗan ɗaci, da ruwan da zai kankare ƙanzon da nama ya bari a gindin tukunya. Ɗacin ma takobi ne mai kaifi biyu: giyar da aka cika wa furen hops, wadda matasan Amurka suke yayi, tana ƙara ɗaci ne yayin da ruwa ke ƙafewa, kuma ta ɓata tukunya fiye da guda.

Ɗanɗanon da ake nema a kwalba yana cikin matakan da girkin gaggawa yake tsallakewa. Na farko shi ne barkonon. Cili na ainihi ba da garin gwangwani da ya shekara a kanta ake yin sa ba. Ana samo busasshen ancho mai zaƙi kamar zabibi, da guajillo mai ɗan tsami, da ƙwaya biyu ko uku na árbol domin yaji, a cire 'ya'yan, a gasa su a busasshen kasko kamar minti guda har ƙanshi ya tashi, ba tare da sun yi baƙi ba. A jiƙa su a ruwan zafi na minti 20, a markaɗa. Yana da kyau mai girkin da ya saba da attarugu ya lura cewa waɗannan barkonon jiki da launi suke ba miya. Yajin ancho bai wuce 2,000 a ma'aunin Scoville ba, alhali attarugu yana haura 100,000. Inda babu ancho, busasshen tattasai ne ya fi kusa da aikinsa.

Na biyu shi ne naman. Kafaɗar sa ake so, mai jijiya da kitse, kilo ɗaya da rabi ga mutum shida, a yanka ƙanana, a tsane shi, a soya kashi-kashi. Wanda ya juye naman duka lokaci guda ya dafa shi ne a cikin ruwansa, domin launin ƙasa-ƙasan nan mai ɗanɗano ba ya samuwa sai zafin ya wuce digiri 140, kuma jiƙaƙƙen nama ba ya wuce 100. Ƙanzon da ya manne bayan suyar, da albasa da ludayin romon ƙashi ake kankare shi, kuma romon ya fi giya, tunda ya zo da nasa kaurin. Mai son ɗacin nan mai zurfi na baƙar giya zai same shi a rabin kofin gahawa mai ƙarfi, ko cokali guda na garin cakulan marar sukari, wanda masu girkin Meziko suka daɗe suna haɗawa da barkono.

Saura lokaci, wanda ba shi da madadi. Jijiyar kafaɗa tana bukatar awa biyu da rabi zuwa uku a ƙaramar wuta, murfi a ɗan karkace, kafin ta narke ta ba miyar santsi. Girke-girken da ke alƙawarin cili a minti 45 da kwalbar giya guda sun yi asara biyu: naman bai yi laushi ba, kuma wajen kashi 30 na barasar yana nan daram. Minti goma kafin a sauke, a dama cokali biyu na garin masarar da ake yin tortilla da shi a ɗan ruwa, a zuba ya ɗaure miyar, a gyara gishiri, a matsa lemon tsami kaɗan. Idan da hali a bar tukunyar ta kwana a firji, washegari a kwashe kitsen da ya daskare a sama a ɗumama sauran.