Tsohuwar Kwamfuta Mai Rangwame ko Sabuwa Dal: Inda Iyakar Take

Duk lokacin da Jami'ar Bayero ta buɗe sabon zango, tambaya guda kan dawo gidajen Rijiyar Zaki da sauran unguwannin da ke kan titin Gwarzo: tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da aka karya wa farashi za a saya wa ɗalibi, ko a daure a ciro sabuwa daga kwali? Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, kuskure a wannan ciniki na iya lashe albashin watanni.

Abin da ya kamata a auna shi ne shekarun aikin da suka rage wa na'urar. A ce an sayi kwamfuta Naira 200,000 ta yi shekara biyu, kowace shekara ta ci 100,000 ke nan. Wadda aka saya 320,000 ta yi shekara biyar kuwa, 64,000 ta ci a shekara. Wannan lissafin ne ma'anar karin maganar nan da ke cewa araha ba ta ado.

Kamfanin Microsoft ya shata wa wannan lissafi iyaka. A ranar 14 ga Oktoban 2025 ya daina tallafa wa manhajar Windows 10, wato ya dakatar da gyare-gyaren tsaro da yake aikawa kowane wata, sai ga waɗanda suka shiga wani shirin ƙarin wa'adi na wucin gadi. Windows 11 da ta gaje ta tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel kusan sai furosesa zubi na takwas zuwa sama, wanda ya bazu a kwamfutocin 2018. Gane shi ba wuya: a i5-8250U, lambar farko bayan karan ita ce zubin, wato 8, a i5-6300U kuma 6. Kwamfutar da ke ƙasa da wannan iyaka za ta ci gaba da kunnuwa, amma duk kafar da 'yan kutse suka gano a cikinta a buɗe za ta zauna. Ga mai shagon da ke yi wa jama'a rajista ta intanet, ko ma'aikacin da ke shiga asusun banki da ita, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Masu sha'awar Apple ma su lura: kamfanin ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kwamfutocinsa masu furosesar Intel.

Sai dai sabunta kaɗai ba ta wanke kwamfuta. Yawancin sababbi masu sauƙin kuɗi na zuwa da furosesar Celeron, da ram gigabait 4 wanda sau da yawa a liƙe yake ba ya ƙaruwa, da ƙaramar ma'ajiya mai gigabait 64. Irin wannan na fara nauyi da zarar an buɗe shafukan intanet da yawa tare da Word. Kwamfutocin ofis na 2018 kamar ThinkPad T480, da HP EliteBook 840 G5, da Dell Latitude 7490 sun fi ta ƙarfi da ƙwarin jiki, ana ƙara musu ram, ana sauya musu faifan SSD, kuma masu gyara a titin Beirut da Farm Centre sun saba da su. A nan kam da tsohuwar zuma ake magani.

Inda sabuwa ta yi zarra shi ne batir da garanti. Batirin litiyam yana raguwa da yawan caji, zafi kuma na gaggauta mutuwarsa, ga shi a Kano zafin bazara kan haura digiri 40. Inda wutar KEDCO ba ta da tabbas, kwamfutar da ba ta riƙe caji awa ɗaya ta zama ta tebur. Don haka kafin a biya, a sa mai sayarwa ya buɗe rahoton batir na Windows, wanda ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da abin da ya saura, a kuma lissafa kuɗin sabon batir cikin farashi. A tabbatar babu kalmar sirri a kan BIOS, domin kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka kan zo a kulle.

Hukuncin ke nan: ga ɗalibi, ko malami, ko ma'aikacin da aikinsa rubutu ne da lissafi da bincike, tsohuwar kwamfutar ofis zubi na takwas zuwa sama, mai ram gigabait 8 da SSD, ta fi sabuwa mai rauni. Mai zanen gine-gine ko tace bidiyo ya jure ya tara kuɗin sabuwa mai ƙarfi. Duk abin da ke ƙasa da zubi na takwas kuwa, sai dai ga wanda ya shirya ɗora masa Linux. In ba haka ba, komai daɗin rangwamen, a bar wa mai shago kayansa.